Hancin Aro a Agege

Jiya da yamma ina zaune a bakin shago, wani saurayi daga cikinku, ku samarin da ke zaman shagon nan, ya zo da kwalabe uku a leda, ya ce da ni shi ma yanzu mai haɗa turare ne. Na ce masha Allah, a ina ka koya? Ya ce a waya, cikin sati biyu. Ya buɗe guda ya kawo min hanci. Ƙamshi kam akwai, ba zan zalunce shi ba, irin wanda ke tarbar mutum tun daga bakin titi, kafin a kira isha'i kuma ya gudu ya bar mai shi da guminsa. Na tambaye shi wa ya haɗa wa. Ya ce kowa da kowa. Na yi dariya har na ƙware, domin ni shekara arba'in da 'yan kai ina wannan aiki a Agege ban taɓa iya haɗa wa kowa da kowa ba. Mutum ɗaya nake haɗa wa, shi ma sai na san inda yake wuni. To tunda kuna ganin abin bai wuce a zuba wannan kan wancan a girgiza ba, bari in ba ku labarinsa yadda na same shi.

Aikin farko da maigidana Baba Kyari ya ba ni shi ne faskaren icen hawi. Baba Kyari Babarbare ne, dogo, mai magana ƙasa-ƙasa. A wurin mahaifiyarsa ya koyi haɗa turaren wuta, kuma bai taɓa jin kunyar faɗa ba. Ni kuwa na sauko daga jirgin ƙasa ina ɗan shekara goma sha tara, daga wani ƙauye a ƙasar Kano, ban san komai ba sai noman gyaɗa. Ya miƙo min ɗan gatari ya ce in mayar da itacen siri-siri kamar asuwaki, kada wani ya fi wani kauri. Mai kauri ba ya shan madarar turare har cikinsa, wanda ya cika siranta kuma ƙonewa yake yi ya ba da ƙauri. Shekara biyu ina faskare, ina hura garwashi, ina wanke farce, wato ɓawon nan na dabbar ruwa da ake soyawa a daka don ya riƙe ƙamshi. Hannuna bai taɓa kwalbar madara ba.

Kayan aikin ba su da yawa, har yau kuma su ne dai. Akwai tukunyar ƙarfe mai kauri da ake narka sukari a juya itace a ciki, da muciyar da ba ta taɓa ganin tuwo ba, da turmi, da kasko. Akwai kabbasa, kwandon nan mai kama da akurkin kaji da ake kifawa kan kasko a shimfiɗa tufa a bisansa. Sai manyan kwalabe masu faɗin baki inda haɗi ke kwana arba'in kafin a taɓa shi. Buhunan itace kuwa Baba ba ya barin su a ƙasa, da igiya yake rataye su a katakon rufi. Na ɗauka don ɓera ne, ban tambaya ba.

A shekara ta uku ya fara aike na bin baya. Idan mutum ya sa rigar da muka turara ya fita bayan magariba, sai Baba ya yi min nuni da haɓa, in bi shi da tazarar taku goma har layin dogo, in dawo in faɗi abin da na ji. Ranar farko na dawo na ce na ji ƙamshi. Ya ce madalla, koma faskare. Sai da na yi watanni ina bin bayan mutane kamar ɓarawo kafin kunnen hancina ya buɗe. Wata yamma na dawo na ce masa daga ƙofa sandal ne a gaba, da muka wuce mai tsire hayaƙin nama ya haɗiye shi, muna karya kwanar masallaci sai kajiji ya fito kamar ƙasa ta sha ruwan farko, a bakin dogo kuwa babu abin da ya rage sai hawi, shiru-shiru, yana bin mutumin kamar ya san shi. Baba ya daɗe yana kallona.

"Namiji ba a gabansa ake jin turarensa ba, Iro," in ji shi. "Sai ya wuce, mutane su ɗaga kai su ce wa ya wuce nan."

Washegari ya miƙo min kwalbar madara.

Ku da aka haifa a nan kun san sanyin Ikko da damina yake zuwa, ba irin busasshen sanyin gida ba. Sanyi ne mai jiƙa, ya shiga riga ya zauna. A irin wannan lokaci ne aikinmu ke yin kyau, domin turaren fure na rana ne da zafi, idan gari ya lumshe ba shi da ƙafar tsayawa. Na itace da hayaƙi shi ke son yamma. Sai an wanke riga ta bushe sarai, a juya cikinta waje, a shimfiɗa kan kabbasa. Garwashin guda biyu ko uku ne, a lulluɓe su da toka, domin wuta tsirara cinye itace take yi ba ta bari ya yi magana. Daga nan a zauna. Hayaƙin zai riƙa ratsa zaren shadda a hankali yana fita ta kafaɗa, shuɗi-shuɗi, ruwa na sauka kan kwano, jirgin yamma na wucewa yana girgiza kwalabe. Na sha zama haka in manta inda nake, in ga kaina a gindin rumbun babana. Wannan zaman shi ne rabin sana'ar, kuma shi ne abin da waya ba za ta koya muku ba.

Rigar farko da na turara ni kaɗai, babu Baba a kaina, ta Alhaji Garba Mai Fata ce. Alhaji Garba ɗanyar fata yake saye a mayankar Oko-Oba, ya barbaɗe ta da gishiri ya loda a mota zuwa arewa. Ƙato ne, baƙi, mai kunya kamar sabuwar amarya. Tun yana yaro yake cikin fata da jini, har hancinsa ya mutu, ba ya jin wari ba ya jin ƙamshi. Wanka uku yake yi kafin ya shiga mutane, amma ba shi da hanyar sanin ko ƙarnin ya fita. An taɓa toshe hanci da hannun riga a gefensa a wurin wani ɗaurin aure, abin bai bar zuciyarsa ba. Shi ne ya zo wurin Baba a asirce. Da Baba ya tsufa ya koma gida, inda Allah Ya yi masa rasuwa, sai na gaji shago na gaji Alhaji.

Ga yadda muke yi. Duk yammar da zai shiga taro, sai ya aiko da riga da safe. Bayan magariba ya shigo ta ƙofar baya ya sa ta, ya ɗaga hannu ɗaya sama, ya ce, "Malam Iro, ya ka ji?" Ni kuma in sunsuna wuya, da hannun riga, da gemu, da tafin hannu. Wani lokaci in ce ya koma ya goge yatsu da lemon tsami. Idan komai ya yi, kalma biyu ce: "Alhaji, tafi." Sai ka ga ƙaton nan ya miƙe kafaɗa ya fita kamar an sauke masa buhu. Duk Agege babu wanda ya san wannan sai ni.

Haɗinsa ma daban ne. Wanda bai sani ba zai ce a lafta masa turaren fure a danne ƙarnin, to ai sai ya zama an zuba fure a kan juji. Fata ba a faɗa da ita, lallashinta ake yi. Hawi nake sa masa da yawa, da farce, da ɗan sandal kaɗan, hayaƙi mai nauyi, har ragowar ƙarnin da sabulu ya kasa ya juye ya zama ƙamshin sabuwar jakar fata. Mutane suka riƙa tambayarsa daga Makka ya sayo ne. Sai ya yi murmushi ya ce wani ɗan'uwa ne ke kawo masa.

Shekarar da soja suka koma bariki, kasuwa ta buɗe mana irin buɗewar da ban taɓa gani ba. Kaki ya tafi, babbar riga ta dawo. Kowa a unguwa ya zama ko mai neman kansila, ko abokin kansila, ko wanda kansila ya taɓa gaisarwa. Kullum yamma akwai taro, kuma babu mai son zama kusa da manya yana warin danfo, motar hayar nan ta Ikko. Riguna suka yi tsibi a shagona. Kabbasa ɗaya ta zama huɗu. Ina shiga kasuwar Jankara sayen kwalabe sau biyu a sati, itace yana sauko min a motocin shanu buhu-buhu. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba. Da katakon rufi ya cika, sai na jera sauran buhunan a ƙasa jikin bango, yadda muke jera buhun gero a gida.

Aikin da ya karya ni riguna arba'in ne na tawagar wani ɗan siyasa, a damina ta biyu bayan haka. Ruwa ya tsuge kwana da kwanaki babu ɗagawa, haɗina ya ƙare, ga mura ta kama ni. Baba bai taɓa soya turare a cikin ɗaki ba. A waje yake yi inda iska ke kaɗawa, idan ana ruwa ya haƙura ko da sarki ne ke jira. Ni kuwa na rufe ƙofa da taga don kada feshi ya shigo, na ɗora tukunya, na yi kwana uku kaina a cikin tururin sukari da farce. Ido na hawaye, maƙogwaro na zafi, ina ce wa kaina saura kaɗan.

Safiya ta huɗu na buɗe kwalbar sandal na kai hanci, ban ji komai ba. Na ce mutanen Jankara sun cuce ni da ruwa. Na buɗe wata, na buɗe wata, duk ruwa. Na fita na durƙusa a bakin kwatar bayan shago, wadda ko mai mura yakan sauya hanya saboda ita, na ja numfashi har ƙirji. Iska ce kawai mai sanyi. A nan na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Babu abin da ban gwada ba. Na yi surace da ganye, na shaƙi kanumfari, na sha rubutu, na je asibiti. Likita ya leƙa ya ce zai iya dawowa, zai iya ƙin dawowa, in yi haƙuri. Sai na yanke shawarar da ta fi sauƙi, na yi shiru. Hannuna ya san awo, cokali nawa na wannan, tafi nawa na wancan. Idan mai saye ya miƙo kwalba, sai in lumshe ido in gyaɗa kai kamar yadda na saba. Mai turaren da ba shi da hanci, in aka ji, ya gama ci a wannan sana'a, ga iyali a ɗaki. Da haka nake lallashin kaina.

Watannin nan kamar a cikin ruwa na yi su. Ina zaune ina kallon hayaƙi yana hawa ta cikin riga, ina ganinsa sarai, amma ya daina yi min magana. Abinci ya zama dusa a bakina. Abin mamaki, a barci hancina lafiya lau yake. In yi mafarkin shagon Baba Kyari, in ji sandal da tokar kasko da man da yake shafa wa ƙafarsa, kowanne a wurinsa. In farka in yi maza in ja numfashi ko zan kamo wutsiyar abin, sai in tarar ya tafi.

Alhaji Garba kuwa bai fasa zuwa ba. Ya ɗaga hannu, in sunkuya in sunsuna iska, in ce, "Alhaji, tafi." Wata uku ina yi masa haka. Abin da ban sani ba shi ne buhunan da na jera a ƙasa sun sha danshin bango. Na ga ɗan fari-fari a jikin wasu itatuwan, na goge da tsumma na ci gaba da aiki. A gida da ka shanya a rana an gama, a nan kuwa fumfuna har cikin bargon itace take shiga. Da shi nake turara rigunan mutane.

Sai ga maganar auren Nasiru. Nasiru ɗan marigayi wan Alhaji ne, Alhaji ya riƙe shi tun yana rarrafe. Ya ga wata yarinya a ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen fataken goro na Agege, irin waɗanda tun kakanni suke nan, ita ma tana son sa. Mutanen gidan suna kallon 'yan Oko-Oba a ɗage. An ce dattijon gidan ya faɗa a majalisa cewa shi ba ya ƙin yaron, amma bari ya ga irin mutanen da za su shigo masa zaure. Alhaji ne waliyyi, shi zai jagoranci masu neman auren ranar wata Juma'a bayan magariba. Ya aiko da farar shaddarsa tun safe, na turara ta da hannuna na ninke.

Ranar bai jira magariba ba. Ana idar da la'asar ya shigo ta ƙofar baya, ana yayyafi. Ya sa rigar, ya gyara hula, ya ɗaga hannu.

"Malam Iro, ya ka ji?"

Na sunkuya. Ɗumin jikinsa kawai na ji a fuskata. Bakina ya riga ya shirya kalmomin nan biyu, saura su fito. Sai idona ya sauka kan hannunsa da ke sama. Ya yanke farce har ya kusa jini, tsagar da gishiri ya yi masa a yatsu ta yi fari saboda dirza.

"Alhaji, ban ji komai ba."

"Wato babu ƙarni?"

"A'a, Alhaji. Ba na jin komai ne. Wata uku ke nan hancina ya mutu. Duk 'tafi' ɗin da na ce maka tun farkon damina, ban san a kan me na ce ba."

Ya sauke hannu a hankali, ya zauna kan benci. Ruwa na ɗiga daga bakin kwano cikin bokiti. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa ido.

"Na sani, Malam Iro," in ji shi.

Na ɗago.

"Sati shida ke nan wanda ke hannun damana a masallaci yana barin tazara. Juma'ar da ta wuce wani ya sauya sahu gaba ɗaya. Ba ni da hanci, amma ai ina da ido."

"To me ya hana ka faɗa min, Alhaji?"

"Lokacin da nawa ya mutu, shekara bakwai na yi kafin bakina ya iya faɗa wa mutum ɗaya. Na ce bari in ba ka lokaci, in dai ni ne za a matsa wa a sahu, na saba. Amma ta yau ba tawa ba ce, ta marayan nan ce. Shi ya sa na zo da wuri." Ya dube ni. "Da ka ce min tafi, da na tafi, kuma da ba ka sake ganina a shagon nan ba."

Na ce Allah Ya huci zuciyarka. Ya ce a bar wannan, lokaci na tafiya, hanci muke nema. A cikin ruwan nan kuwa babu kowa kusa sai maƙwabcina Ɗanlami Tela, haifaffen Agege, mutumin kirki, amma abin da ya shiga kunnensa da safe kafin azahar ya kai Oko-Oba ya dawo. Na ce wa Alhaji in muka kira shi asirina ya tonu. Ya ce nasa ma. Muka dubi juna, sannan na buga bangon katako na kira shi.

Ɗanlami ya shigo da tef a wuya. Na faɗa masa nawa, Alhaji ya faɗa masa nasa da bakinsa. Ya riƙe kai da hannu biyu.

"Inna lillahi! Oga Iro, kai ne ba ka da hanci? Alhaji ma babu? Wato direba ba ya gani, kwandasta ba ya gani, danfo na ta gudu tun farkon damina, abi?"

"Sunsuna rigar nan, Ɗanlami, ka bar surutu."

Ya kai hanci, ya ja da baya yana yamutsa fuska.

"Ah, Alhaji, ka yi haƙuri o. Turare na nan, amma a ƙarƙashinsa sai ka ce tabarmar da ruwa ya kwana a kai sati guda. Ni na daɗe ina jin wannan abu a shagon nan, na ɗauka sabon yayi ne na 'yan siyasa."

A nan na gane abin da igiyar Baba Kyari take yi a katakon rufi. Na ɗaga kai, saura buhu ɗaya a rataye can lungu, ragowar hawin da na daɗe ban taɓa ba don ƙyuyar hawa. Na taka benci na yanko shi. Ɗanlami ya sa hanci a ciki ya ce wannan lafiya lau, kamar cikin akwatin kakarsa. Ya kuma tuna akwai wata shuɗiyar shadda da ya ɗinka wa Alhaji don Sallah, tana rataye a shagonsa ba ta taɓa shiga nawa ba. Ya ruga ya ɗauko.

Ban taɓa yin aiki irin na wannan yamma ba. Babu lokacin soya haɗi, sai na faskara busasshen hawin, na ɗiga masa madarar sandal da garin farce, hannuna na awo, hancin wani na ba ni labari. Ɗanlami bai san sunan komai ba. Sai ya ce yanzu kamar shagon kafinta, in gane sandal ya yi kaɗan in ƙara. Ya ce yanzu kamar an ƙona masara, in gane wuta ta yi yawa in ƙara toka. Alhaji na zaune da 'yar shara yana kallon hayaƙi yana ratsa shuɗin yadin. Can Ɗanlami ya lumshe ido.

"Oga, wannan ban san da me zan kwatanta ba. Kamar mutum mai hankali ya shigo ɗaki."

Na ce a sauke. Alhaji ya sa riga, Ɗanlami ya sunsuna wuya da gemu da tafin hannu yadda na nuna masa, ya ce ba ƙarni ko kaɗan. Aka kira magariba. Alhaji ya tsaya a ƙofa yana jira, sai na gane ba daga bakin tela yake son ji ba. Na ce, "Alhaji, tafi." Ya fita cikin yayyafi, ina kallon faɗin bayansa har ya karya kwana.

An ba su yarinyar. An ce tsohon ya zaunar da Alhaji a kan buzunsa, har ya tambaye shi wurin wa yake turara kaya.

Kafin azahar ta washegari kuwa duk Agege ta ji. Ɗanlami ya rantse mutum ɗaya kawai ya faɗa wa, kuma na yarda da shi, mutum ɗaya ya isa. 'Yan siyasa suka ɗauke ƙafa kamar an yi shara. Waɗanda suka sha yawo da warin tabarma a jikinsu wata uku suka zo suka faɗa min maganganu, kuma suna da gaskiya. Kabbasa uku na kifa su a kan juna a lungu. Buhunan da suka lalace na bai wa wata mai ƙosai ta hura wuta da su, aka ce sati biyu ƙosan layinmu yana ƙamshin masallaci, ni dai ban ji ba. Na koma sayar da hula da carbi da turaren kwalba irin wanda kowa ke sayarwa. In na wuce majalisa sai in ji an ce ga mai turare ba hanci. Alhaji ma bai tsira ba, abokan cinikinsa suka samu abin tsokana, wani ya ɗaga masa hammata ya ce ya ka ji. Ya shanye duka. Bai kai rigarsa wani wuri ba, ni ke turarawa, Ɗanlami ke sunsunawa. Yammar da ba shi da taro ma yakan zo bayan ya yi wanka, mu zauna mu biyu muna kallon hayaƙin da babu mai jin sa a cikinmu.

Shekara guda cur na yi a haka. Don haka idan kun ga na hana ku soya haɗi a ɗaki, ko na sa ku hawa benci ku rataye buhu, kada ku ce tsufa ne.

Damina ta zagayo. Wata yamma ruwa ya ɗauke bayan la'asar, gari ya yi lumshi, ina durƙushe ina gyara toka a kasko, bayana na ƙofa. Sai wani abu ya doke ni a tsakiyar kai, mai nauyi, mai ɗaci. Na ce a raina wane marar tsoron Allah ne ya yar da mushe a bayan shago. Na juyo a fusace. Alhaji Garba ne tsaye da kayan aiki, jiƙe sharkaf. Motarsa ce ta mutu a hanya daga Oko-Oba, ya tako a ƙasa, ya ce bari ya huta a wurina kafin ya ƙarasa gida. Tunda nake da shi bai taɓa shigo min ba wanka ba sai ranar.

"Alhaji," na ce, "wallahi wari kake yi."

Ya tsaya cak.

"Me ka ce, Malam Iro?"

"Wari kake yi. Ƙarnin jini, da gishiri, da ɗanyar fata. Har da kashin shanu a takalminka na hagu."

Ya dubi takalmin, ya dube ni. Ƙaton nan ya zauna kan jiƙaƙƙen benci, yana dariya hawaye na bin gemunsa.

"Ƙara faɗa," in ji shi.

Na ƙara faɗa. Na matso kusa da shi na cika ƙirjina, na sake cikawa, ban kuwa bar shi ya tafi wanka ba sai da aka kira magariba.